10, 45, 65, 700: wace ce bare? Labarin gubar dalma a Anka da Bukkuyum 🧵

1/
Kun san irin wasan nan da ake yawan turowa, a jero lambobi a ce fitar da wadda ba ta cikin dangi. To yau ni ma na zo da nawa: 10, 45, 65, 700. Kowa ya riƙe amsarsa a ransa tukuna. Lambobin nan ba daga littafin lissafi na ɗauko su ba, daga tarihin yammacin Zamfara suke, shekarar 2010.

2/
Sirrin wannan wasa ɗaya ne: amsa tana bin ƙa'idar da ka auna da ita. A 3, 5, 7, 9, 11 wani zai ce 9, don ita kaɗai ke rabuwa da wata lamba ban da 1 da kanta. Wani zai ce 11, don ita kaɗai ce mai gida biyu. In ka ɗauko ƙa'idar da ba ita ba, sai ka yi ta kallon baren ba ka gan shi ba.

3/
Farkon 2010 yara ƙanana suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. 'Yar Galma a Bukkuyum, Dareta da Abare a Anka. Yaro zai fara amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, sai suma. Wasu cikin 'yan kwanaki an kai su makwanci.

4/
Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau. Ga zazzaɓin cizon sauro da ba ya barin yankin. Duk su biyun suna sa yaro jijjiga. Don haka ƙa'idar farko da aka auna da ita ke nan, kuma wallahi ba wauta ba ce, duk wanda ya san yankin ita zai fara kawowa.

5/
Abin da ke ba ni tsoro a nan shi ne, inda mutuwar yara ta riga ta zama ruwan dare, lamba mai ban mamaki ɓuya take yi. A gari mai asibiti da rajista, yara goma su mutu a unguwa ɗaya cikin wata guda, ƙasa za ta ɗauka. A ƙauyen da ba mai rubuta haihuwa balle mutuwa, sai a yi ta'aziyya, a ce sai haƙuri, a koma gona.

6/
A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da lamarin. Aka ba yaran maganin zazzaɓi, aka ba su maganin ƙwayoyin cuta. Shiru. Suna ta mutuwa.

7/
Daga nan tambayoyin suka canza. Me ya sa 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi faɗuwa? Me ya sa wannan ƙauye, ba na kusa da shi ba? Ku ɗauki Anka, Bukkuyum, Gummi: maƙwabta ne, zafi ɗaya, sauro ɗaya, gero da dawa ɗaya. Amma ƙauyukan da aka fara gano abin duk a Anka da Bukkuyum suke. Sauro dai bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

8/
Har agwagi sun ba da alama. Daga baya mutanen ƙauyukan suka shaida wa masu bincike cewa agwaginsu sun yi ta ƙarewa tun farkon shekarar. An gani, ba a ɗauke shi komai ba.

9/
Abin da ya raba waɗannan ƙauyuka da sauran shi ne zinare. A 2001 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. Zuwa ƙarshen 2009 ta haura dala 1,000. Manomin da damina ɗaya ce duk shekararsa ya ga dutsen da ke bayan gari ya fi buhun gero daraja. Ni ban ga laifinsa ba.

10/
Yadda aikin yake: a haƙo dutse a daji, a kawo shi gari cikin buhu, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, ya koma gari lukui. Sai a wanke, a sa zaiba ta kamo zinaren. Da yawan aikin nan a cikin gida ake yi, a tsakar gida, mata na daka da shanya, yara na rarrafe a gefe.

11/
Dutsen kuwa cike yake da dalma. Irin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi tun kaka da kakanni, abin da ya sa likitoci ke gargaɗi kan sa wa jarirai tozali. Da aka niƙa shi a bushe, ƙurar ta bi ɗaki, ta bi tabarma, ta bi kwanon abinci da bakin rijiya.

12/
Nan amsar "me ya sa yara" ta fito. Yaro a ƙasa yake wuni, hannu daga turɓaya sai baki. Cikinsa kuma ya fi na babba tsotse dalma nesa ba kusa ba, ga ƙwaƙwalwa tana kan girma. Uban da ya niƙa dutsen yana tsaye da ƙafarsa, ɗan da bai taɓa zuwa ramin ba shi ke kwance.

13/
MSF ta ɗebi jinin yara 8 ta aika ɗakin gwaji a Jamus. Sakamako: daga 168 zuwa 370. Ana auna dalma a jini da maikirogiram a kowane desilita. Yanzu mu koma kan lambobinmu.

14/
10: a wancan lokaci, daga nan likitoci ke cewa akwai damuwa. Yau an sauko da shi ƙasa da haka, don an gane babu adadin da za a ce lafiya lau ne ga yaro.
45: daga nan ake fara ba yaro maganin da ke jawo dalma daga jiki.
700: akwai yaron da aka samu jininsa ya ɗan haura haka a Zamfara.

15/
Na san yawancinku 700 kuka zaɓa, don ta fi girma. Ba ku yi kuskure ba. Amma tawa amsar 65 ce. Sauran ukun magana suke a kan jikin yaro. 65 ba ruwanta da jiki, iyakar na'ura ce.

16/
'Yar na'urar gwaji ta hannu da aka shiga ƙauyukan da ita, a 65 ƙidayarta ta tsaya. Duk abin da ya wuce haka sai dai ta nuna ya yi yawa. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi tunanin gari guda da yawancin yaransa za su zarce nan ba. Yaro mai 70 da yaro mai 400, amsa ɗaya take ba su.

17/
Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga likita mai gadaje kaɗan da yara ɗaruruwa. Wa za a fara ɗauka? Dole aka ƙirƙiro dabarar tsarma jinin kafin a sa a na'ura, sannan a ninka abin da ta nuna. Da haka aka iya ware waɗanda ke bakin mutuwa.

18/
A watan Mayu tawagar hukumar CDC ta Amurka ta iso, tare da jami'an lafiya na Najeriya da WHO. Suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yar Galma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu. Ku tsaya ku ƙirga yaran layinku.

19/
Cikin masu rai da aka gwada, babu ko ɗaya da bai kai 10 ba, kuma kashi 97 cikin ɗari sun kai 45. Wato a nan yaro mai lafiyayyen jini ne zai zama bare, kuma ba a same shi ba.

20/
Ƙasar ma haka. Mizanin Amurka na lokacin ga wurin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna sama da 100,000. Kusan kashi ɗaya cikin goma na turɓayar dalma ce.

21/
MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum. Amma magani ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ya sha gubar. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje da fartanya da shebur, aka kwashe aka binne, aka zuba sabuwa. TerraGraphics da Blacksmith Institute ne suka jagoranci aikin, matasan ƙauyukan suka yi shi da hannunsu. Ƙauyuka bakwai aka share tsakanin 2010 da 2011.

22/
Saura Bagega, wadda ta fi su girma. A Mayu 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. Wata ya bi wata, babu kuɗi, yara kimanin 1,500 na jira, likitoci ba su da halin fara magani tunda ba a share garin ba.

23/
Nan ne irinku suka shigo. Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka tayar da #SaveBagega a Twitter da Facebook, Human Rights Watch ta sa baki. A Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka share Bagega a shekarar. Duk mai cewa hashtag ba ya komai, ga guda da ya yi, ko da yake bayan watanni na jira da bai kamata a yi ba.

24/
Adadin da aka fi ambata shi ne yara aƙalla 400 suka mutu. Ku lura da "aƙalla". Dubbai sun sha magani sun rayu, amma maganin dalma yake fitarwa, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Wasu sun makance, wasu sun shanye, wasu karatu ne kawai ya gagare su. Waɗanda suka tsira daga cikinsu yau sa'o'in da yawa daga cikinku ne.

25/
A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. An gane shi da wuri fiye da na Zamfara, don a lokacin an san wace tambaya za a yi. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma na Zamfara ga hukumomin jihar. Zinare kuma ya ninka farashinsa na 2010 fiye da sau biyu, ana kuma ci gaba da haƙa a dazukan Anka da Bukkuyum.