Santsi da Taɓo: Ɓarakar PRP Kafin Zaɓen 1983

Idan muka waiwayi Jamhuriya ta Biyu, za mu tarar cewa ɓarakar cikin gida ce ta fara raunana PRP tun kafin NPN ta kai mata hannu. A zaɓen 1979, jam'iyyar Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati a jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Ba a yi nisa ba gida ya rabu. 'Yan Taɓo suka tsaya bayan Malam, 'yan Santsi suka bi gwamnonin nan biyu, waɗanda suka ƙi daina zama da takwarorinsu na UPN da GNPP duk da hanin uwar jam'iyya.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Majalisar dokokin Kaduna, inda NPN ke da rinjaye, ta tsige Balarabe a 1981. Malam ya rasu a watan Afrilu na 1983, Rimi kuma ya ajiye muƙami ya tsaya takara a NPP. Da aka kaɗa ƙuri'a, Sabo Bakin Zuwo ya riƙe wa PRP Kano, amma Lawal Kaita na NPN ya ci Kaduna. Ita Kanon ma wata uku kacal Sabo ya yi kan kujerarta, sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen Disamba.