Gasar Kofin WAFU ta Ƙungiyoyin Afirka ta Yamma

Gasar Kofin WAFU, wadda aka fi sani da Kofin Janar Eyadema, gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasashen Afirka ta Yamma suka riƙa fafatawa a cikinta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta yankin, wato WAFU, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira UFOA, ita ce ta riƙa shirya ta. An fara buga gasar a 1977, ta gudana kowace shekara har zuwa 1999, sannan aka farfaɗo da ita na ɗan lokaci daga 2009 zuwa 2011.

Asali

An kafa WAFU a 1975, shekarar da shugabannin yankin suka rattaba hannu a Legas kan yarjejeniyar kafa ECOWAS. Janar Gnassingbe Eyadema, wanda ya mulki Togo daga 1967 zuwa 2005, yana cikin jagororin wancan yunƙuri na haɗa kan yankin tare da Janar Yakubu Gowon na Najeriya, kuma sunansa aka raɗa wa kofin.

A lokacin, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, gasa biyu kawai take da su na ƙungiyoyi. Akwai Kofin Zakarun Afirka da aka soma a 1964, wanda na zakaran lig ɗin kowace ƙasa ne, sai Kofin Masu Riƙe da Kofuna na 1975, wanda na ƙungiyar da ta ci kofin ƙalubale na ƙasarta ne. Duk ƙungiyar da ta zo ta biyu, komai ƙarfinta, sai dai ta zauna gida. Wannan giɓi ne Kofin WAFU ya cike, domin galibi waɗanda suka rasa gurbi a gasannin CAF su ne ake turawa.

Tsarin gasar

An riƙa haɗa ƙungiyoyi biyu-biyu, su buga gida da waje, wadda ta fi yawan ƙwallaye a jimillar wasannin biyu ta wuce zagaye na gaba. A yawancin shekaru haka aka riƙa tafiya har wasan ƙarshe. Galibi babu rukuni, don haka ƙungiya kan iya kashe kuɗin tafiya daga Dakar zuwa Legas, a yi waje da ita cikin mako biyu.

Shekarun farko

Stade d'Abidjan ta Kodebuwa ce ta fara ɗaga kofin a 1977. Daga nan ya koma Senegal shekara uku a jere: ƙungiyar sojoji ta ASFA a 1978, sai ƙungiyar 'yan sanda a 1979 da 1980. Stella ta Abidjan ta karɓe shi a 1981, Sekondi Hasaacas ta Gana kuma a 1982.

Jerin zakarun yana nuna su wa ke riƙe da ƙwallon yankin a wancan zamani. Bayan tsofaffin ƙungiyoyin birane, yawancin sauran na sojoji ne, ko na 'yan sanda, ko na bankuna da kamfanonin gwamnati, waɗanda ke bai wa ɗan wasa aiki da albashi a ofis, ya kuma taka musu leda.

Tashen Najeriya da Kodebuwa

New Nigeria Bank ta birnin Benin ce ta buɗe wa Najeriya ƙofa, inda ta lashe kofin a 1983 da 1984. Cikin 'yan wasanta har da Stephen Keshi da Henry Nwosu. Keshi daga baya ya koma Abidjan, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports kafin ya wuce Beljiyam. Africa Sports ɗin ta ci kofin a 1985 da 1986 da 1991, abokiyar hamayyarta ASEC Mimosas kuma a 1990.

A 1989 kofin ya zo arewacin Najeriya, lokacin da Ranchers Bees ta Kaduna ta doke ASEC a wasan ƙarshe. Shekara guda kafin nan Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Masu Riƙe da Kofuna, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta yi galaba a kanta. A Ranchers Bees ta wancan lokaci ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya fito yana matashi, kuma a 1990 Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi.

Bendel Insurance, ita ma daga birnin Benin, ta kafa tarihin da ba a sake yin irinsa ba, ta ci kofin sau uku a jere daga 1993 zuwa 1995. A 1996 ƙungiyar sojojin Nijar, ASFAN ta Yamai, ta ɗauke shi, nasarar da ke cikin mafi girma da wata ƙungiyar Nijar ta samu a wajen gida. Shooting Stars ta Ibadan ta ci a 1998, ASFA Yennenga ta Burkina Faso a 1999.

Dusashewa

Abin da ya fi karya gasar daga CAF ya fito. A 1992 hukumar ta ƙirƙiro gasa ta uku, Kofin CAF, wanda ya kwashe ƙungiyoyin da suka zo na biyu a lig, wato ainihin waɗanda WAFU ke tinƙaho da su. A 1997 kuma aka mai da Kofin Zakaru zuwa gasa mai rukuni da kyautar kuɗi mai tsoka, hankalin manyan ƙungiyoyi ya koma can.

Ga kuma talauci da tashin hankali. Darajar naira ta faɗi bayan 1986, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuɗin jirgi da masauki suka fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi. Yaƙin basasa ya ɓarke a Laberiya a 1989, a Saliyo kuma a 1991. Janyewa daga wasa ta zama ruwan dare, ƙungiya ta wuce zagaye ba tare da ta taka fili ba. Bayan 1999 gasar ta tsaya.

Farfaɗowa

An dawo da ita a 2009, ƙungiyar sojojin Burkina Faso, USFA, ta lashe. Sharks ta Fatakwal ta ci a 2010, Dynamic Togolais ta Lome kuma a 2011. A daidai wannan lokaci aka raba WAFU gida biyu, shiyyar A da shiyyar B, kuma gasar ba ta ci gaba ba.

A jimilla, ƙungiyoyin Najeriya sun ɗauki kofin sau 8, na Kodebuwa sau 6. Bendel Insurance da Africa Sports su ne kan gaba, kowace da kofi 3.