Rabon Aiki Tsakanin Maƙirƙirin Labari da Mai Zane a Manga: Nazarin Dragon Ball Super da Boruto

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda maƙirƙirin shahararren labari a ƙasar Jafan yake haɗa hannu da mai zane wajen ci gaba da labarinsa a manga, wato labari cikin zane-zane da ake bugawa babi-babi a mujalla kafin a tattara shi juzu'i-juzu'i. An ɗora nazarin a kan ayyuka biyu na kamfanin ɗab'i na Shueisha, inda aka lura cewa ikon maƙirƙiri ya fi bayyana a matakin duba daftari.

1.0 Gabatarwa

Akira Toriyama ya zana Dragon Ball da hannunsa daga 1984 zuwa 1995, haka nan Masashi Kishimoto ya zana Naruto daga 1999 zuwa 2014, dukansu a mujallar mako-mako ta Weekly Shonen Jump. Da aka tashi ɗorawa a kan labaran biyu, kowannensu ya miƙa aikin zanen ga wani, amma bai saki linzamin labarin ba.

2.0 Dragon Ball Super da Matakin Nemu

An fara buga Dragon Ball Super a mujallar wata-wata ta V Jump a 2015, Toriyama yana rubuta ƙashin bayan labarin, Toyotarou kuma yana zana shi. Tsakanin rubutun da kammalallen shafi akwai matakin da masu sana'ar ke kira nemu, wato daftarin fensir da ke nuna yadda za a kasa shafi gida-gida, da inda kowane tauraro zai tsaya, da abin da zai furta. Wannan daftari ne Toriyama ya riƙa dubawa, ya gyara magana ko siffar tauraro, kafin a bi zanen da tawada, domin gyara a wannan mataki bai kai wahalar sake zana kammalallen shafi ba. Kasancewar ƙashin bayan labarin guda aka bai wa Toyotarou da kamfanin Toei Animation mai shirya fim ɗin talabijin, kowane ɓangare ya cike giɓin da dabararsa, shi ya sa mangar da fim ɗin suka bambanta a wurare da dama duk da asalinsu ɗaya.

3.0 Boruto

Da aka fara Boruto, wato ci gaban labarin Naruto, a 2016, an raba aikin gida uku: Ukyo Kodachi yana rubutu, Mikio Ikemoto, wanda ya daɗe yana taimaka wa Kishimoto a zanen Naruto, yana zane, shi kuwa Kishimoto yana sa ido. A watan Nuwamba na 2020 Kodachi ya sauka, Kishimoto ya karɓi rubutun.

4.0 Kammalawa

Misalan biyu sun nuna cewa rabon aikin kan sauya gwargwadon amanar da ta ginu tsakanin ɓangarorin. Rasuwar Toriyama a ranar 1 ga Maris 2024 ta buɗe wani fagen bincike, wato wanda haƙƙin amincewa da daftari zai koma hannunsa bayan maƙirƙiri ya kau.