Wa ya jera su? Nazarin hotunan sarauta na ƙasar Gwandu

Hotuna masu baƙi da fari na sarakuna da hakimai, waɗanda aka ɗauka a Arewa tsakanin 1930 da 1960, galibi ana duba su ne don a gane fuska, a ce ga wane, ga wane. Wannan dubawa ba ta wadatar ba. Kafin mai hoto ya danna, sai da aka jera mutane, kuma jerin nan ne ya cancanci nazari.

Zaman fada yana da doka: sarki a bisa, fadawa a ƙasa, kowa da gurbinsa. Hoton taro irin na Turawa kuwa sahu-sahu ne, kujeru a gaba, masu tsayuwa a baya. Duk inda aka ga sarki da Razdan kafaɗa da kafaɗa a kan kujeru masu tsayi ɗaya, tsarin ofis ne ya danne na fada. Da Sarkin Gwandu Usman ya je Ingila a 1934 tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ɗaki da kujera da hasken da aka ɗauki hotunansu da su duk na masu masauki ne.

Duk da haka ban yarda da masu cewa sarakuna kayan kallo kawai suka zama ba. Mai hoto fuska yake nema, amawali kuwa rufe ta yake yi, kuma sarki ne ya ja shi. A Bamako, masu zuwa shagon hoto da Seydou Keïta ya buɗe a 1948, a wancan zamani, sukan ari rediyo ko babur don su nuna matsayin da suke fata. Hakimi irin Sarkin Gobir na Kalgo kuwa ba ya aron komai. Doki da alkyabba da zagage nasa ne, shi ya zo da su.

Rashin launi ma ya sake rabon girma. Ja da koren rigar dogari sun koma toka-toka, har dogarin ya saje da jama'a. Rawanin ɗan Kura kuwa, da yake rinin shuni ne da ya sha bugu, sheƙinsa ya fito fiye da komai. Farar riga a tsakar ranar Birnin Kabi takan yi haske har aikin aska takwas ya ɓace, shi ya sa inuwar ƙofar zaure ta fi dacewa da ɗaukar hoto. Duk mai nazarin da ya ce zauren alamar mulki ce kawai ya manta da zafin ranar da mai hoto yake gudu.