Jirgin Kara, Jirgin Gwangwani, Jirgin Tagulla

Jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a Dutsi ba, amma na buɗe ido na tarar ana ƙera shi a zauren gidanmu. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, ya dangana da Nguru a 1930, ƙasar Daura kuwa aka bar ta a tsakiya tana jin labari. Gyadarmu da audugarmu a bayan jaki da raƙumi suke tafiya Kano, daga baya a motar katako, sai can su hau tarago. Waɗanda suka raka kayan, da 'yan ci-rani, su ne suka dawo mana da jirgin a bakinsu: baƙi ne wuluk, yana cin wuta, yana shan ruwa, in ya yi kuka har awakin Fagge sai sun watse. Da wannan labarin aka fara sana'ar tamu, shi ya sa jiragen farko da aka yi a nan kowanne da kamar mai ba da labarinsa.

Da kara aka soma. Bayan an yanke dawa, yaro zai zaɓi sille mai kauri, ya ɓare bayansa da haƙori, ya tsaga ɓawon siri-siri kamar tsinke, ya riƙa soka shi a cikin totuwar yana haɗa gaɓa da gaɓa. Ba ƙusa, ba zare. Ƙafafu kuma sakaina ce, a goga ta a dutse har ta zama da'ira. Mota kowa yana iya yi. Wanda ya ɗaura tarago biyar a bayan kai ɗaya, ya ja su a kan turɓaya ba su watse ba, shi ake kira gwani. Ban san adadin yankan da ɓawon kara ya yi mini a leɓe ba.

Gwangwani ya zo da madarar kanti da tumatir da kananzir. Mahaifina maƙerin fari ne, aikinsa zobe da munduwa da gyaran buta da fitilar aci-balbal, don haka almakashin yankan langa-langa da kuza da sinadari duk suna gabansa. Shi ya fara yi mana kan jirgi da gwangwanin madara biyu a matsayin tukunya, da bakin tsohuwar buta a matsayin bututun hayaƙi. Ba don kasuwa yake yi ba. In salla ta matso yakan yi biyu ko uku, a kai kasuwar Shargalle, kuɗin bai wuce na goro ba. Abokan sana'arsa suna yi masa dariya, wai babba da wasan yara.

Abin ya canza ne ranar da ƙanen mahaifiyata ya dawo gida bayan ya bar aikin reluwe. Shekarunsa na ƙarfi duk a bakin wuta ya ƙarar da su, yana zuba kwal ɗin Inugu da shebur tsakanin Zariya da Kano. Lokacin Baba ya gama wani kan jirgi da ya fi alfahari da shi, na tagulla, wanda ya yanko daga tankin lagireton tsohuwar mota. Ya naɗe tukunyar a jikin bututun ƙarfe, ya fere ƙafafu takwas da magagari, ya haɗa su da sanduna hagu da dama. Matsalar ɗaya ce: in aka tura shi sai ya yi taku biyu ya cije.

Kawu ya ɗauke shi, ya kifar da shi a tafin hannu, ya duba wannan gefe, ya duba wancan.

"Yaya, wa ya nuna maka sandunan nan?"

"Ido ya nuna mini. Ko ba daidai suke ba?"

"To ai daidaiton ne ya kashe shi. Na dama da na hagu ba sa tafiya tare. Ɗaya yana gaba da ɗaya da rubu'in zagaye. In wannan ya kai ƙarshen turinsa ya rasa ƙarfi, wancan yana tsakiyar nasa."

Sai ya juyo gare ni. "Kai, ɗan nan, in ka ji jirgi yana tashi, ƙirga numfashinsa. Huɗu yake yi kafin ƙafa ta zagaya sau ɗaya." Ya kama yi da baki, a hankali, sannan da sauri, har kaji suka bar zauren. Baba bai ce uffan ba. Ya hura gawayi, ya narkar da kuzar ƙafafun gefe guda, ya murɗa su rubu'i, ya sake liƙewa. Da la'asar jirgin ya gudu daga bakin zaure har gindin bango bai tsaya ba.

Daga bakin Kawu na san cewa kawunan jirgi ma dangi-dangi ne. Waɗanda ya fi so su ne masu sunayen koguna, da aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948: ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a ƙarƙashin ɗakin direba. Tun tsakiyar shekarun 1950 masu shan gas suka fara shigowa, suka riƙa ture na kwal daga layi zuwa layi. Da na yi wayon zuwa Zariya da kaina da ma'auni a aljihu, abin da na tarar gawarwaki ne a cikin ciyawa, an kwashe duk wani abu mai sheƙi. Sauran ya bi 'yan gwangwan.

A wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano na tsinci wata mujallar Turawa da ta jiƙe ta bushe, cike da hotunan dattawa masu furfura a ƙasar Ayalan suna yin abin da ake yi wa Baba dariya a kansa. Can ana sayar da fallen tagulla wanda aka zana sassan jirgi a kai, aka sa wani ruwa mai cin ƙarfe ya fitar da su, har da gurbin kowace ƙusa. Mai saye ya ɓalle, ya lanƙwasa, ya liƙe da kuza. Da farko na raina su, na ce an tauna musu sai haɗiya. Da na daɗe ina kallo na gane ba a hannu suka fi mu ba. Sun fi mu da abin dubawa. Jirgin kwal ya daina aiki a kudancin tsibirin Ayalan a 1963, a arewacinsa a 1970, amma tun 1964 wasu masu son abin suka kafa ƙungiya don ceto kawunan kafin a yanka su. A Whitehead suke ajiye su, har da wani da aka ƙera a 1879, kuma suna hura wa wasu wuta su ɗauki fasinja. A Malahide, kusa da Dublin, gida guda aka ware wa ƙananan jiragen da wani ma'aikacin reluwe, Cyril Fry, ya ƙera da hannunsa. Mai son yin tagulla a can zai je ya aza ma'auni a jikin na gaske. Mu kuwa Kawu ne ma'auninmu, kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Akwai ciwon da muka yi tarayya da su, shi ne faɗin dogo. Ƙaramin dogon da aka fi samu a kanti, mai milimita 16.5, kwaikwayon layin Turai ne mai milimita 1,435. Na Ayalan milimita 1,600 ne, don haka masu tsantseni a cikinsu sai su shimfiɗa nasu da hannu a kan milimita 21. Tsohon layinmu kuma siriri ne, ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067. Na yi watanni ina lissafi kafin na ga mafita: in ka rage jirgin Najeriya sau 64, ƙafafunsa za su zauna a kan dogon kanti kusan cif. A kan haka na yi nawa kan jirgin mai sunan kogi, shekara biyu ina fama, rufin ɗakin direban har yau da ka na yi shi.

Yaran yanzu motar roba ta 'yan Sin ta raba su da kara, ban kuma ga laifinsu ba, roba ba ta yanka leɓe. Amma tun da aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Shargallenmu ya wuce Mashi da Katsina da Jibiya, sai ga su suna leƙo zauren. Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Sufuri ta Daura ya ce mini sabon layin mai milimita 1,435 ne, dogon kanti zai yi masa daidai ba sai na sha lissafi ba. Na ce masa na ji, amma wannan ba ya numfashi huɗu.

Ya yi alkawarin raka ni Jos bayan kaka. A gidan tarihin can akwai ƙananan kawunan da suka yi aiki a siririn layin Zariya zuwa Jos kafin a rufe shi a 1957. Na riga na sayi sabon ma'auni da littafi mai layi-layi, na kuma ajiye tankin lagireto biyu a ƙarƙashin gado.