Gasar shiga makarantar anfirme a Nijar: tarihin wani jira

1. Gabatarwa

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, da wuya a samu unguwar da ba ta san jiran sakamakon kwankur ba. Yarinya ta kai takardunta, ta zauna jarrabawa, sa'an nan gida duka ya kasa kunne. A cikin wannan ƴar takarda za mu bi diddigin wannan jira a fannin aikin jinya. Abin da muke son nunawa shi ne, a da ana jira a bakin ƙofar makaranta, amma daga shekarun 1980 jira mafi tsawo ya koma bayan an fito da diflom.

2. Zamanin Nasara

A shekarar 1905 ne Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa, wato AMI, a yankin Afirka ta Yamma da take mulki. Galibin likitocinta sojoji ne. Wannan asali bai ɓace daga bakinmu ba: har yau shugaban ƙaramin gidan likita majo muke ce masa, daga muƙamin soja.

A lokacin, likitan Nasara shi ke zaɓen mataimakinsa daga cikin tsofaffin sojoji ko yaran da suka ɗan taɓa lakwal, ya koya masa wankin miki da allura a bakin aiki. Karatu mai zurfi kuwa sai a waje. An buɗe makarantar likitanci ta Dakar a 1918, inda ake horar da likitocin Afirka da ungozomomin zamani. Daga baya makarantar Jamot ta Bobo-Diyulaso ta riƙa horar da anfirme masu yawon ƙauyuka don yaƙi da ciwon barci da kuturta. Ƴan Nijar da suka bi waɗannan hanyoyi ba su da yawa, domin a ƙasar Hausa iyaye gudun lakwal suke yi, wasu sarakuna ma ƴaƴan talakawa suke turawa a madadin nasu. Ke nan a wannan zamani hukuma ce ke neman ɗalibi.

Daga wannan zubi ne Damure Zika ya fito, anfirmen Yamai da duniya ta sani a finafinan Jean Rouch. Ya rasu a 2009, kuma sunansa ne aka raɗa wa makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke Yamai.

3. Zamanin kwankur

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙasa ta tashi da ƙarancin ma'aikata. Aka kafa makarantar anfirme a Yamai cikin shekarun 1960, wadda ta zama ENSP. Cikin shekarun 1970 aka buɗe ENICAS a Damagaram, ta kusanto da karatun ga ƴaƴan gabas, yayin da jami'ar Yamai ta fara horar da likitoci a 1974.

Yawan ƴan lakwal ya ƙaru, gurabe kuwa ƙidayayyu ne, sai kwankur ta zama ƙofa. Kafin a zauna mata, sai an haɗa takardar neman shiga mai tambur, da takardar haihuwa, da ta shaidar ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna ba a taɓa hukunta mutum ba, da ta binciken likita, da kwafin birebe ko bak gwargwadon matakin da ake nema. Ga ɗan birni wannan aikin ƴan kwanaki ne. Ɗan ƙauye kuwa, wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, sai ya kai shaidu gaban alƙali a yi masa zuzuma, a rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Tun da kwankur tana da iyakar shekaru, wannan ƙiyasi na iya buɗe masa hanya ko ya rufe ta. Mun lura cewa tankaɗe na farko a nan yake, tun ba a raba takardar jarrabawa ba.

Sa'an nan sai jira. Ɗalibi ya koma gida noma, sunaye kuma su fito a rediyon ƙasa, ko a jaridar Le Sahel, ko a manna su a bango. Wanda ba shi da rediyo sai ya dogara ga maƙwabci ko direban da ya zo daga birni. Nauyin wannan jira ya zo ne daga abin da ke bayansa. A shekarun da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa, wanda ya ci kwankur ya samu burs, in ya gama kuma gwamnati ta ba shi lambar ma'aikaci, ta tura shi aiki. Suna guda a rediyo yana nufin albashin da zai riƙe gida.

4. Jira na biyu

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Yarjejeniyoyin da aka yi da FMI daga 1983, da Bankin Duniya daga baya, suka taƙaita ɗaukar ma'aikata. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni ba albashi, kuma a Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Igiyar da ta haɗa diflom da aiki ta tsinke.

Daga shekarun 2000 makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu suka yawaita a manyan birane. Wanda ya faɗi kwankur yana iya shiga, in iyayensa na da kuɗin biya. Amma bayan shekaru uku na karatu sai ya tarar da wani layi: bautar ƙasa, aikin sa kai a gidan likita ba albashi, kwantaragi, sa'an nan wata gasar ta shiga aikin gwamnati. Ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka daga 2001, da kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 daga 2006, sun ƙara buƙatar ma'aikata, ba tare da ɗauka ta kamo buƙatar ba.

5. Kammalawa

Kalmomin aro sun adana wannan tarihi bi da bi: majo daga zamanin soja, kwankur da burs daga zamanin da gwamnati ke ɗaukar kowa, benebol da ɗan kwantaragi daga zamanin tsuke bakin aljihu. A ganinmu, duk binciken da zai auna horar da ma'aikatan jinya a Nijar bai kamata ya tsaya ga adadin waɗanda suka ci kwankur ba. Sai ya ƙidaya shekarun da ke tsakanin diflom da albashin farko, domin a cikin waɗannan shekaru ne anfirme ke zaune a birni, majinyaci kuma na jiransa a ƙauye.