Rumbu da Bashi a Tarihin Ƙasar Adar

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Buza, Madawa da Keita, wannan bashi yana da lokacinsa sananne: tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya koma fanko, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Magidanci kan ranci gero wurin ɗan kasuwa lokacin da tiya ta yi tsada, ya biya da kaka lokacin da ta faɗi warwas. Da haka damin da ya kamata ya kai iyali baɗi yakan fita gida tun ba a sussuke shi ba.

Kakanninmu sun san wannan tarko, kuma sun yi masa tanadi. Rumbun tsimi ba a buɗe shi sai shekara ta ɓaci. Mace kan kiwata akuya ko tunkiya domin ranar buƙata, samari kuma su tafi ci-rani Najeriya ko Abijan su aiko da abin cike giɓi.

Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa, Turawan Faransa suka tsananta dokar ajiyar hatsi a rumbunan hukuma. Manufar ba ta da aibu, amma ba a buɗe rumbun sai da izinin masu mulki, don haka talakawa suka ɗauke shi wani sabon haraji. Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa UNCC a 1962 domin haɗa manoma cikin ƙungiyoyi, sannan asusun lamunin noma na CNCA a 1967. Farin 1973 da na 1984 suka hana mutane da yawa biya, wasu kuma suka ɗauki rancen gwamnati kamar kyauta. CNCA ta durƙushe a shekarun 1980, bankin BDRN ya bi ta a 1990. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, wanda ya ɓoye takardun kuɗi a tukunya ya ga ƙarfinsu ya zube.

Abin lura, dabarun da suka kama ƙasa daga baya sun fi kama da na gargajiya. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, aka gina shi bisa adashe: zubi kowane mako, rance tsakanin membobi, rabo a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bazu har jihar Tawa, ya kuma ƙetare zuwa ƙasashe da dama. A ƙarshen shekarun 1990, hukumar FAO ta tallafa wa jinginar amfanin gona: manoma su ajiye hatsi a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya wurin mai ba da rance, su karɓi kuɗi da kaka, su sayar idan farashi ya tashi.

Tarihin nan ya nuna cewa ajiya takan ɗore idan mai ita yana riƙe da makulli, ya kuma san ranar biya. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su koya wa matasa lissafin wannan giɓi na tsakanin kaka da damina, domin a nan ne dukiyar gida take tsira ko ta salwanta.